Idon da Madam Dorina Ta Roƙa

Jakata ta riga ni shiga gari a ƙasar Rumaniya, har yau kuma ba ta dawo ta ba ni labari ba. A tashar jirgin ƙasa ta babban birninsu wani mutum mai hular gashi ya tare ni da faransanci mai daɗi, ya ce aiko shi aka yi ya tarbe ni. Ya karɓi jakar, ya ce in tsaya nan gindin agogo zai kawo mini tikiti. Na tsaya. Agogon ya yi aikinsa, ni ma na yi nawa na tsayuwa, har ƙafafuna suka daina jin kansu. Cikin jakar akwai manto, babbar rigar sanyin da gwamnati ta ba mu, da bargon saƙi, da kilishin da innata ta ɗaure mini. Kilishin ya fi ci mini rai, domin na san a shekarar nan ba kowane gida ke ganin nama ba. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ran nan na yarda da wannan magana.

Sunana Lawali, ɗan Maijirgi ne ni, lokacin ina mushen lissafi, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Tasawa. Zamanin soja ne, kuma fari ya riga ya yi mana wankin babban bargo. Gero ya ƙone a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar rijiya. Ana cikin haka aka ce wata tauraruwa mai wutsiya na tafe, ƙasashe na neman matasa su koyi auna haskenta, sunana ya fito cikin masu tafiya wata shida. Kafin mu tashi wani kaftin ya tara mu a Yamai, ya ce duk wanda aka koro kafin lokacinsa ya zubar da mutuncin ƙasa, ya tabbata ya bar aikin gwamnati ke nan. Ni kuwa albashina ne tukunyar gidanmu, daga Baba har jikokinsa. Wannan magana ta kaftin ta bi ni har cikin jirgi.

Takarduna suna aljihun ciki, shi ya cece ni. Na hau jirgin ƙasa mai zuwa arewa da ƴar shara da kwat marar nauyi, haƙorana na kaɗawa. Wata mata da ke zaune gabana ta dube ni, ta dubi mijinta, ta yi masa faɗan da ban ji ko kalma ɗaya ba. Shi dai ya kwance mayafin ulun da ke wuyansa ya miƙo mini, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ita kuma ta ɓare dafaffen ƙwai ta ba ni da gishiri a takarda. Na yi godiya da Hausa, ta amsa da nata yaren, muka fahimci juna sarai. Mayafin nan yana cikin akwatina har gobe.

Wurin aikin wani ɗan gida ne bisa tudu, bayan wani ƙauye, da ɗaki mai rufin ƙwarya inda bututun hangen nesa yake. Aka sauke ni wajen mai gadi, tsoho mai gashin baki, sunansa ya ƙi bakina na mayar da shi Basiru, ya kuma amsa. Ranar farko matarsa ta ajiye mini akushi, na buɗe, sai ga tuwon masara. Wallahi tuwon masara, rawaya jawur, har da madara mai ɗumi a gefe. Na yi tafiyar kwana uku ina tsoron abin da za a ba ni in ci, ashe tuwo ke jirana. Na ci har na ji kunya. Bayan gida kuma suna da saniya guda, da na ji kukanta sai na ji kamar an kira sunana. Basiru ya ga yadda na kama nono na tatsa, ya buɗe baki, ya je ya ɗauko tsohon mantonsa na soja ya rataya mini. Daga ranar tatsar safe ta zama tawa.

Su ma ba cikin daɗi suke ba, kada a ce Turai. Burodi sai an yi layi, kuran, wutar lantarki, kuma a kawo a ɗauke kamar ana wasa da yaro. Abin da ya fi damuna rashin kiran salla. Sai in duba agogo in yi alwala da ruwan da ke yanka fata, in fuskanci inda na auna gabas, ni kaɗai kamar maye.

Shugabar aikin ita ce Madam Dorina, tsohuwa ƴar siririya mai farin gashi, ta kai sa'ar innata ko ta fi. Faransancinta ya fi nawa. Ita ta faɗa mini cewa mai wutsiya aikin ƴan watanni ne, za ta zo ta wuce, amma akwai wata tauraruwa da ta shekara goma sha tana bi. Ta ce a ido guda ce, alhali biyu ne suna zagaya juna. Ɗaya babba, ɗaya ƴar mitsitsiya da ta riga ta mutu, sai nauyin tsiya. Ƙaramar tana zuƙe jikin babbar, abin da ta zuƙa yana yin zafi har ya fitar da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Wannan haske ba ya isowa ƙasa, na'urorin da aka harba sama ke kama shi. Mu namu shi ne hasken da ido ke gani, mu rubuta yaushe ya ƙaru, yaushe ya ragu, a gwama da nasu. Na ce a raina, har a sama ma akwai mai ci da gumin wani.

Na ɗauka kwana zan riƙa yi ina kallon sama. Ina! Aikin rana ne. Akwai masu ɗaukar hoton sama a kan faifan gilashi, mu kuma mu zauna a wani ɗaki cike da kantoci, kowane faifai cikin ambulan ɗinsa. A faifan sama fara ce, taurari baƙaƙe, wadda ta fi haske ta fi girman ɗigo. Ka ɗora shi kan teburi mai fitila a ciki, in an ɗauke kuran ka ɗaga shi saitin taga, hasken ƙanƙara ya ishe ka. Ka sa tabarau mai ido ɗaya ka nemo tauraruwar. Kusa da ita akwai biyu da ba sa canzawa, ɗaya ta fi ta haske, ɗaya ba ta kai ta ba. Sai ka raba tazarar da ke tsakaninsu gida goma, ka ce tamu tana gida na nawa.

Da ta gama bayani dariya ta kusa kuɓuce mini, domin wannan aikin Baba ne. Baba dillalin shanu ne a kasuwar Mayahi, ba ya taɓa yi wa saniya kuɗi ita kaɗai. Sai ya sa a tsayar da ita tsakanin wadda ta fi ta jiki da wadda ba ta kai ta ba, ya ja da baya, ya ƙanƙance ido. Tun ina ƙarami yake tsayar da ni gefensa ya ce, «Lawali, mi ka gani?» Ni kuma in sunkuyar da kai in jira ya faɗi nasa, sannan in ce haka ne, Baba. Haka aka tashe mu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Amma idon ya koya a ɓoye, ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Madam Dorina ta ba ni faifan shekara biyun da suka wuce, ta ce in auna su duka. A kusurwar kowace ambulan akwai lamba da fensir, rubutunta, abin da ita ta gani. Na ɗauki na farko, idona ya ce bakwai. Na dubi ambulan, biyar. Na sake dubawa, bakwai dai. To ni wane ne? Baƙon jiya, da manton aro, in zo in ce wa tsohuwar da ta tsufa a kan tauraruwar nan ba ta gani daidai ba? Na rubuta biyar a babban littafin aiki. Sai dai hannuna ya ƙi yarda bakwai ɗin nan ta ɓata, na zaro ɗan kayen da ke aljihuna, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, na rubuta ta a can. Haka na yi ta yi. Inda muka dace, alhamdu lillahi. Inda muka saɓa, nata ya shiga littafi, nawa ya shiga aljihu. Ina ta jin daɗin kaina, ina cewa na nuna musu tarbiyyar gida.

Da la'asar takan ɗauki littafin ta kai shi dab da hancinta ta karanta. Makon farko ta ce da kyau. Mako na uku ta daina cewa komai. Shayin da take zuba mini da hantsi ma ya koma sai in na zuba da kaina. Na yi ta bincikar kaina ko na taka wata al'ada tasu, har na ƙara yawan gaisuwa, ina tambayarta kwanan gida da gajiya da sanyi, ita kuwa tana amsawa da kai.

Cikin kwanakin ne wasiƙar gida ta iso, ƙanena ya rubuta da bakin Baba. Ya ce kowa lafiya, an ci an sha, wanda na san ma'anarsa an ci sau ɗaya. Ya ce garken ya ragu ƙwarai, bai faɗi nawa ba. Ya ce mutane na cewa mai wutsiyar nan ita ta zo da masifa, tunda ni ina kusa da ita in duba in gaya musu gaskiya. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Na je wajen saniyar Basiru na zauna, ita dai ba ta tambaye ni komai ba.

Wata safiya Madam Dorina ta ajiye ambulan goma a gabana, ta ce in buɗe littafi. Lambobina sun yi daidai da nata, goma cif. Ta ce da gangan ta goge na gaskiya ta rubuta na ƙarya a kan waɗannan, har akwai faifan da gajimare ya rufe, tauraruwar ma ba ta fito ba, amma na ba ta huɗu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta da lokacin mai kwafe, ƙarshen wata za ta rubuta Yamai a zo a ɗauke ni.

Ka san abin da na yi? Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri. Kayen yana aljihuna, yana taɓa ƙirjina, amma fito da shi yana nufin in ce mata ga wurare sittin da na ga ba daidai take ba. Na bar shi a aljihu. Na fita ina jin muryar kaftin, ina ganin tukunyar gidanmu a kife. Kwana huɗu ina zuwa aiki kamar gawa, tuwon matar Basiru ma ya daina wucewa.

Rana ta biyar sama ta washe, abin da ba ta cika yi ba a damunar ƙanƙararsu. Bayan magariba Madam Dorina ta ce in ɗauko tabaron hangen nesa mu hau tudu, tunda har yanzu ina cikin ma'aikata. Mai wutsiya tana yamma, ƙasa-ƙasa. Kada ka zaci wani abin tsoro, ƴar farar tabo ce kamar an ɗiga nono a baƙin zane. Auna ta ya fi wuya, domin ita a baje take, taurari kuwa ɗigo ne. Dabarar ita ce ka murɗa tabaron har taurarin su ma su baje su yi girmanta, sannan ka gwama. Na same ta nan da nan. Na juya, sai na ga Madam Dorina tana ta yawo da nata tabaron, hagu, dama, sama, tana wuce wurin. Ta sauke, ta goge ido da bayan safar hannu, ta sake ɗagawa. Ta kai minti biyar. Sai na tuna yadda take kai littafi har hanci, na tuna yadda take laluben kofin shayi kafin ta kama shi.

Na kama gwiwar hannunta a hankali na juya ta saitin. Sai ta ce, «Nawa ka gani?»

Babu ambulan a sama. Na jira ta faɗi nata, ta ƙi. Sanyi na cin kunnena. Na ce shida.

«Ni uku na gani,» in ji ta.

Haka ne, Madam, ya riga ya hau harshena, saura in sake shi. Na haɗiye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, «Madam, shida ce. Lambarki ba daidai ba ce.» Tun da uwata ta haife ni ban taɓa gaya wa mai furfura irin wannan magana ba.

Ta ce, «Sake faɗi.»

Na sake. Na kuma zaro kayen na ba ta, na ce ga sauran.

Washegari tun da safe ta sa na karanta mata lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana ɗiga su a kan takarda mai gida-gida, kowace a ranarta. Nata na shekara biyun sun kwanta kusan a layi guda, biyar, biyar, huɗu, biyar, kamar tauraruwar ta gaji da canzawa. Nawa kuwa suka hau suka sauka, suka sake hawa, a kan lokaci. Ta ɗauko takardar da masu na'urorin sama suka aiko mata, ta ɗora a gefe. Inda nasu hasken ya ɗauke, nan nawa ya faɗi. Faifan gajimaren ma ta duba, a kayena na rubuta ban ga komai ba. Ta cire tabaron idonta ta ajiye.

Ta ce ta san idonta na tafiya, yanar ido ce ke rufe shi, ta ɓoye wa kowa don kada a sallame ta kafin ta gama da tauraruwar nan. Shekara biyu tana tsoron ko tauraruwar ce ta yi shiru ko ita ce ta daina ji. Shi ya sa da aka ce za a aiko matasa ta ce a ba ta guda.

«Ido na roƙa,» ta ce, «kai kuma ka zo ka zama mini madubi. Me ya sa?»

Na gaya mata yadda ake yi a wajenmu, na ba ta labarin Baba da shanunsa. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce wannan ladabi ya kusa kashe mu mu biyu. Ta ɗauko ƙyalle da gam ta sa na liƙe kusurwar kowace ambulan da hannuna. Shayin hantsi ya dawo a ranar.

Sauran watannin sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Mukan yi gardama kamar ƴan kasuwa, in ce bakwai ta ce sake duba, wani lokaci in sake in ga ita ce da gaskiya, domin ta san halin faifai, ta san wanda wata ya ɓata da wanda aka wanke da gaggawa. Mai wutsiya ta shige bayan rana, ta fito ta gabas da wutsiyarta sosai, na bi ta har ta dushe. Na rubuta wa Baba cewa na duba ta da kyau, ƙanƙara ce da ƙura, rana ke narkar da ita, in ta matso ta yi haske, in ta yi nisa ta koma baƙa. Ba ta san hanyar Maijirgi ba balle ta hana mu ruwa. Wasiƙar da Madam Dorina ta aika Yamai kuwa ta tafi a lokacinta, wata shida cif, ta ba ni kwafi. Ta rubuta cewa idona abin dogaro ne, in an bar shi ya yi magana. Basiru ya ƙi karɓar mantonsa, matarsa ta cika mini aljihunsa da garin masara, kamar mu ba mu da shi. A shekarar kuwa gaskiyarta.

Na iso Maijirgi da bazara, a bayan amalanken jaki daga bakin titi, da manton soja a cinya, yara na ta dariya. Aikina na nan, tukunya ba ta kife ba. Bayan an gama gaishe-gaishe Baba ya ce mu zaga baya. Garken da na bari ya koma saniya uku. Muna tsaye na ba shi labarin Madam Dorina, ina zaton zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗan jima yana murza gemu.

«Kai kana tsammani don mi nike tsai da kai gefena a Mayahi?» ya ce. «Tun kana aji ukku idona na hagu ya hwara hazo. Shekara nawa ina tambayarka, kana maido mini da maganata.»

Ya shiga tsakanin shanun yana dafa su, ya jawo Goje, jar saniyar da ya fi so, wadda ya raina tun tana maraƙa, ya tsayar da ita tsakanin sauran biyun. Ya dawo gefena. Ya ce shi a ganinsa za ta kai damina, ruwa bai fi wata guda ba.

«Lawali, mi ka gani?»

Na ja da baya na ƙanƙance ido. Na dubi ƙugunta, na dubi yadda take sauke ƙafar baya, na dubi ta dama da ta hagu.

«Ba za ta kai ba, Baba. In an kai ta kasuwa wannan makon, za ta sayo hatsin da zai riƙe gida da dusar biyun nan. In an jira, fata za mu samu.»

Na fara jin tsohuwar kunyar na tasowa. Ya sa hannu ya shafa wuyan Goje, ya daɗe yana shafawa. Sannan, bai ko juyo ba, ya ce in shiga zaure in ɗauko igiya.